Ganyen Lambun Kifi In Ya Yi Rawaya, Mu Duba Kafin Mu Fesa

Jawabin kwamitin lambu a taron cikar shekara na ƙungiyarmu, Bagudo



Hajiya shugaba, ma'ajiya da sakatariya, iyayenmu mata da suka baro ɗakunansu suka zo, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, mazajenmu da suka ba mu izini har suka rako mu, da ɗiyanmu da ke can baya suna jiran a raba shinkafa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Allah Ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Waɗanda muka fara wannan tafiya tare da su, yau ba sa nan, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Mu 'yan kwamitin lambu aka ce mu yi magana bana. Kun san mu, 'yan kasuwa ne: mai kayan miya, mai busasshen kifi, mai atamfa. Karatunmu da girmanmu muka yi shi, da yamma bayan an tashi kasuwa. Saboda haka abin da za mu faɗa, abin da muka gani da idonmu ne, da wanda malamin gona ya koya mana muka gwada muka ga ya yi. In mun yi kuskure a gyara mana.

Yawancinmu cinikinmu da hanyar iyaka ya dogara. Tsamiya, Lolo, Illo, wasunmu har Segbana da Malanbil cikin Benin, ana lissafi da naira da sefa. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, kowa ta san yadda hannunta ya bushe. Shekarar da ta biyo, 2020, Kwara ta cika ta batse, ambaliya ta cinye shinkafar fadama a nan Kebbi, mazajenmu da yawa ba su kai buhu gida ba. Daga nan ne muka fara tunanin sana'ar da za a yi cikin gida, wadda rufe iyaka ba ta hana ta, ruwa kuma ba ya tafiya da ita. Shi ne asalin lambun kifi da wasunmu suke yi yau.

Domin baƙinmu da ba su taɓa gani ba, ga yadda yake. Tankin roba ne da tarwaɗa a ciki. Kusa da shi akwai kwarin shuka, wato rabin durom ko baho da aka cika da tsakuwa wankakkiya, babu ƙasa ko kaɗan. Ƙaramin famfo mai aiki da sola yana ɗaukar ruwan kifi ya kai cikin tsakuwa, ruwan ya ratsa saiwar alayyahu da salak da tumatir, ya dawo wa kifi. Turawa suna ce masa akwafoniks. Dabarar kada a zubar da ruwan kifi a banza ba sabuwa ba ce: a Cibiyar Songhai da ke Porto-Novo cikin Benin, wadda aka kafa a 1985, sun daɗe suna haɗa kiwon kifi da noma, abin da wannan ya fitar ya zama abincin wancan.

Abin da za mu riƙe shi ne, rayuka uku ne a wannan lambu. Akwai kifi, akwai shuka, akwai kuma na ukun da ido ba ya gani, ƙananan halittu da ke zaune a jikin tsakuwa, irin dai waɗanda suke mayar da madara nono, ko kalwa ta zama daddawa. Abin da kifi ke fitarwa yana da wani sinadari mai zarni da ake kira amoniya, wanda in ya taru yana kashe kifin. Waɗannan halittu su ne suke juya shi ya zama taki, shuka ta sha, ruwa ya koma wa kifi da tsabta. Sukan ɗauki mako 3 zuwa 6 kafin su zauna sosai a sabon lambu. To su ukun nan ruwa ɗaya suke sha. Duk abin da kika zuba wa ɗaya, kin zuba wa sauran biyun.

Wannan magana da tsada muka saye ta. Wata 'yar'uwarmu, tana nan zaune cikinmu, ita ta ce mu ba da labarin amma kada mu kira suna. Ta karɓi rance daga asusun ƙungiya ta sayi ɗiyan tarwaɗa 100 da abincinsu. Wata uku tana ciyarwa, sun fara cika hannu. Sai ta ga ganyen saman alayyahunta da salak yana yin rawaya. Ta ce ƙwari ne. Ranar kasuwa ta je wurin mai sayar da maganin gona, ta ce ganye na rawaya, ya miƙo mata kwalba. Bai tambaye ta ina shukar take ba, ita ma ba ta faɗa ba. Da yamma ta fesa. Maganin ya ɗiga cikin tsakuwa, famfo ya yi aikinsa. Da asuba ta leƙa tanki ta ga fararen ciki suna yawo a saman ruwa. Ko ɗaya bai tsira ba.

Akwai wanda ya ba ta shawara ta banda su ta kai kasuwa, wai wuta tana kashe dafi. Ta ƙi. Ta ce abin da ba za ta ba ɗiyanta ba, ba za ta sayar wa ɗiyan wasu ba. Rami aka gina aka rufe su. Muna roƙon Allah Ya saka mata, domin kifin da magani ya kashe ba a cinsa, ba a sayar da shi, ko an banda ko an soya.

Abin da ya fi ciwo, da malamin gona ya zo ya juya ganyen nan ɗaya bayan ɗaya, bai ga ƙwaro ko ɗaya ba. Ya ce yunwa ce shukar ke ji, sinadarin ƙarfe ya yi mata ƙaranci. Ba mu ga laifinta ba, wallahi a lokacin kowacenmu abin da za ta yi ke nan. A gona haka muka saba gani: ganye ya canza, a ɗauko feshi. Tun daga ranar muka ce sai mun koyi gane abin da ganye ke nufi. Ga abin da muka koya.

Tambaya ta farko, wane ganye ne ya fara rawaya, tsohon da ke ƙasa ko sabon da ke sama? Wannan tambaya ita kaɗai ta raba aikin biyu. Shuka kamar uwa take lokacin da tuwo bai isa ba, takan ɗebe na manya ta ƙara wa ƙanana. Akwai abincin da za ta iya janyewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo, sai tsohon ya fara nuna alama. Akwai kuma wanda in ya shiga ganye ya zauna ke nan, ba ya motsi, to in babu shi a ruwa, sabon ganye ne zai fito da yunwa.

Mu fara da tsohon ganye. In ganyen ƙasa ya koɗe gaba ɗaya, rawaya bai ɗaya har jijiyoyinsa, shuka ta tsaya ba ta girma, karanta siriri, to naitirojin ne ya kasa, wato abincin da ke cikin takin yuriya, harafin N na jikin buhun kamfa. A lambun kifi ma'anarsa shuka ta yi wa kifi yawa, ko kifin ƙanana ne, ko an rage musu abinci saboda tsada. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da littafi kan irin wannan lambu a 2014, kuma ma'aunin da ta bayar shi ne: kwarin da ke da mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, in ganye ne a ciki, yana son kifi su ci giram 40 zuwa 50 na abinci kullum, in kuma masu 'ya'ya ne irin tumatir da attarugu, giram 50 zuwa 80. In kifinki ba su kai su cinye haka ba, rage shuka, kada ki tula abincin da za su bari ya ruɓe. Kuma don Allah kada a zuba yuriya ko kamfa a cikin ruwan. Yuriya amoniya take komawa, abin da muke gudu ke nan.

In tsohon ganye bakinsa ne ya ƙone kewaye, kamar an ratsa shi ta kan wuta, tsakiya kuma da sauran kore, fure yana zubewa, tumatir ba ya cika, to fotasiyam ne, harafin K. Wannan yakan zo daidai lokacin da tumatir da tattasai suka fara 'ya'ya. In kuma tsohon ganye ya yi rawaya tsakanin jijiyoyi, su jijiyoyin suna nan kore, magnesiyam ne, kuma akwai wani gishiri da ake samu a kemis mai suna Epsom da ake narka ɗan kaɗan a ba shuka. In bayan tsohon ganye ya yi shuɗi-shuɗi mai ja, kamar kalar gauta baƙa, musamman da sanyin hunturu, harafin P ne, kuma sau da yawa in sanyi ya wuce yakan gyaru da kansa.

Sai sabon ganye. In na sama, ƙanana masu fitowa, suka yi rawaya, wani lokaci har fari-fari, amma jijiyoyinsu kore shar kamar an zana da biro, to ƙarfe ne. Wannan shi ne ya sami 'yar'uwarmu, kuma shi ya fi samun kowa. Dalili, abincin kifi don kifi aka yi shi, ba a yi shi don alayyahu ba. Abubuwa uku sukan yi ƙaranci a ciki: ƙarfe, fotasiyam da kalsiyam. Wasu sun ce a jefa ƙusa mai tsatsa a tanki. Mun gwada, mun jira har muka gaji, domin tsatsa ba ta narkewa yadda saiwa za ta sha. Akwai garin ƙarfe na musamman da aka yi don shuka, a shagunan kayan gona na manyan garuruwa ake samu. Aikin cokali ne, a bi abin da aka rubuta a jikin leda. Wani irinsa yana sa ruwa ya yi ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka, kada a tsorata. A lura kuma, ganyen da ya riga ya lalace ba lalle ya dawo ba. Wanda zai fito bayan mako ɗaya ko biyu shi za a duba.

In kuma gindin tumatir ko tattasai ya yi baƙi ya lotsa tun yana kan uwarsa, ko bakin ƙananan ganyen tsakiyar salak ya ƙone, kalsiyam ne bai kai wurin ba. Da yawa mun ɗauka tsutsa ce ko ruɓa. Sau da yawa kalsiyam ɗin yana nan cikin ruwa, zafi ne ya yi yawa, ko famfo yana tsayawa tsakuwa ta bushe sannan a sake jiƙa ta. Inuwar zana da rana tsaka, da ruwa mai zuwa kan lokaci, sun fi komai magani. Tumatirin da ya riga ya yi baƙi a cire shi.

Tambaya ta biyu, yaya ruwan yake? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to a nan ma rashin tsaminsa ba banza ba ne. Akwai 'yar takarda da ake tsomawa cikin ruwa ta canza launi, a gwada da lambobin da ke jikin kwalinta. Ana ce wa wannan awo pH. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 ruwa ya karkata wajen tsami, sama da 7 ya karkata wajen kanwa. Lambun kifi tsakanin 6 da 7 yake so. In ya haura 7 ya nufi 8, ko da akwai ƙarfe a ruwan shuka ba ta iya sha, kamar hatsi ne a rumbu an kulle an tafi da makulli. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse haka yake, irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a ciki, yana barin farin abu a gindin buta. In naki haka yake, tari ruwan sama da damina ki riƙa surkawa kaɗan-kaɗan. Kada a matsa lemun tsami ko a zuba jiƙon tsamiya a tanki don a yi sauri, canjin gaggawa yana wahalar da kifi. Lambun da ya daɗe ma da kansa yake karkata wajen tsami a hankali.

A nan akwai kuskure biyu da muke so iyayenmu su ji da kyau, domin dukansu a madafa suke. Na farko toka. Tokar itace tana da fotasiyam, gaskiya ne, amma tana ɗaga lambar ruwa. In takarda ta nuna 6 ko kusa da haka, ana iya tankaɗe tokar itace zalla, wadda ba a ƙona leda ko shara a ciki ba, a sa ɗan kaɗan a kwarin shuka, washegari a sake awo. In lamba ta riga ta kai 7, ƙara toka zai gyara tsohon ganye ya ɓata sabo. Na biyu kanwa. Wata ta ji ana ce wa kanwa fotash da Turanci, ta ɗauka ita ce fotasiyam. Ba ita ba ce. Kanwa dangin gishiri ce, tana ƙona shuka tana ɗaga lamba. A bar ta a miyar kuka.

Shi ma gishirin girki haka. Masu kiwon tarwaɗa sun saba zuba gishiri in kifi ya yi rauni a jiki. A tankin da babu shuka wannan daidai ne. A lambun kifi gishirin zai taru, bakin ganye ya ƙone, ki ɗauka fotasiyam ne ki ƙara toka, abu ya ƙara lalacewa. Kifin da ba shi da lafiya a ciro shi a sa a baho daban a yi masa maganinsa can. Haka nan kafso da ake buɗewa a zuba wa kifi, yana kashe halittun nan na tsakuwa, lambu ya koma kamar ranar da aka fara.

Tambaya ta uku, yaya saiwa take? Tuge shuka ɗaya a hankali ki duba. Saiwa mai lafiya fara ce, da ƙarfinta, ba wari. In ta yi ruwan ƙasa, tana yauƙi, tana wari, kin taɓa ta saɓule, to ta ruɓe, kuma ko me kika zuba ba za ta sha ba. Alamarta a sama, shuka ta yi laushi da rana alhali gindinta cikin ruwa yake. Wannan ya fi yawa da bazara, Maris zuwa Mayu, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. A nan ne tarwaɗa take yaudararmu. Sarkawa sun sani, tarwaɗa tana ɗagowa ta shaƙi iskar sama, shi ya sa take kwana a kwando ba ta mutu ba. Sai ki ga kifi na wasa ki ce ruwa lafiya, alhali saiwa tana shaƙewa. Karfasa da tuni ta nuna miki. Magani shi ne a yi wa tanki inuwa, a tabbata kwarin yana cika yana tsiyayewa, ruwan da ke dawowa ya faɗo daga sama yana fantsama, a kwashe abincin da kifi suka bari bayan rabin awa, a riƙa zuƙe dattin gindin tanki. Wannan dattin taki ne mai kyau, a kai wa zogale ko gwanda a ƙasa.

Tambaya ta huɗu, yunwa ce ko cuta? Ga yadda muke rabewa. Yunwa tana kama shukar kwari ɗaya kusan tare, ganye masu shekaru ɗaya, kuma hagu da dama na ganyen su yi kama da juna. Cuta da ƙwari daga wuri ɗaya suke farawa, ɗigo-ɗigo, tabo nan tabo can, yau shuka ɗaya, jibi maƙwabciyarta. Kafin ki ce komai juya bayan ganye ki duba, da safe, in ido ya yi rauni a kira yaro.

In kin ga ƙananan ƙwari sun taru, ganye yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka, darɓa ce. In kin girgiza tumatir wasu fararen ƙwari ƙanana suka tashi kamar gari, su ne masu kawo cutar da ke sa ganyen sama ya ƙanƙance ya naɗe kamar cokali, shuka ta tsugune. Wadda ta kamu ba ta warkewa, a tuge ta a kai nesa tun ba ta ba sauran ba. In kin ga ganyen tumatir da farin fili kamar an ci cikinsa an bar fata, kin ɗaga shi ga rana kin ga 'yar tsutsa a tsakani, ita ce wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina a 2016, har ake ce mata Ebolar tumatir. Masu kayan miya ba su manta kuɗin kwando a shekarar ba. In kin ga fari kamar an barbaɗa gari a kan ganyen kuɓewa ko kokwamba da rani, fumfuna ce, a cire ganyen, a rage cunkoso iska ta ratsa.

Akwai kuma gwajin da yaranmu suke so. In tumatir ya yi laushi farat ɗaya yana kore, saiwa kuma ba ta ruɓe ba, yanke karan kusa da gindi, ki rataya bakin yankan cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ki motsa. In bayan 'yan mintuna kin ga wani farin abu yana sauka kamar zaren koko, cuta ce ta cikin kara, ba ta da magani. A tuge, a wanke wuƙar, kuma kada a sake sa tumatir ko attarugu a wannan kwarin, a koma ganye.

To in ƙwari ne fa, me za a yi tunda an hana feshi? Lambun gida ƙarami ne, hannu yana isa. A murje, a tsinke ganyen da ya kamu, a wanke darɓa da ruwa zalla. A sami roba mai launin rawaya a shafa mata man shafawa mai kauri a rataya, fararen ƙwarin nan za su manne. In abin ya yi yawa, jiƙon dogon yaro yana taimakawa, amma shi ma kifi ba ya sonsa, haka ruwan sabulu da na taba. Sai da yamma, a kashe famfo, a rufe tanki, a shimfiɗa leda kan tsakuwa don kada ya ɗiga. Piya-piya da duk wani maganin gona na kwalba kada su matso kusa, ko maganin sauro na ɗaki kada a fesa inda iska za ta kai tanki. Sannan ga wani da ba kowa ya sani ba: gidan sauro mai magani da ake rabawa, maganin da ke jikinsa yana kashe kifi. Kada a rufe tanki ko shuka da shi, kada a wanke shi a bahon lambu. Na rufe yara ne.

Abu na ƙarshe da ya taimake mu shi ne littafi. Kowace mai lambu ta ajiye littafi na sule biyu kusa da tanki. A rubuta kwanan wata, lambar ruwa, abincin da aka ba kifi, da abin da aka gani a ganye, sama ko ƙasa. In an zuba wani abu, abu ɗaya za a zuba, a jira mako guda, don a san wanne ya yi aiki. Da muna ajin yamma muna fama da bambancin 6 da 9, wasu suna yi mana dariya wai me tsohuwa za ta yi da boko. To ga shi, tsakanin 6 da 9 a takardar awo, tsakanin riba da asara ne. Malamanmu, Allah Ya biya ku.

Hajiya shugaba, kwamiti yana da roƙo uku ga wannan taro. Na ɗaya, ƙungiya ta sayi takardar awon ruwa da garin ƙarfe da ƙaramin sikeli da kuɗin asusu, a ajiye wurin ma'ajiya, domin leda ɗaya ta ishi gida goma, mace ɗaya kuma ba ta iya zuwa Birnin Kebbi don cokali biyu. Na biyu, mu sa doka a tsakaninmu: duk wadda ta karɓi rancen lambu, ba za ta fesa ko ta zuba komai ba sai mutum biyu daga kwamiti sun zo sun duba, ko ta aiko da hoton ganyen ta waya, gaba da baya. Na uku, 'yar'uwarmu da ta yi asara tana biyan bashinta kaɗan-kaɗan daga cinikin kayan miya, ba ta taɓa fashi ba. Muna roƙo a ɗaga mata lokaci, kuma a sake ba ta ɗiyan kifi, domin da asararta muka yi karatu mu duka, kuma yau babu wadda ta fi ta iya duba ganye. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Muna kuma fata wata shekara ƙungiya ta tura mutum biyu su je cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa su ƙaro sani su dawo su koya mana.

Iyayen gida, ku ma da naku. In kun dawo daga fadama da injin feshi, don Allah a wanke shi nesa da tanki, kuma bokitin da aka haɗa magani kada a ɗebi ruwan kifi da shi. Yara, ku ne masu ido, ku duba mana bayan ganye, amma ban da jefa tuwo da ƙuli-ƙuli a tanki in inna ta tafi kasuwa.

'Yan'uwa, in kun koma gida kun manta duk sunayen nan masu wuya, ba komai. Ku riƙe huɗun nan: sama ko ƙasa, lambar ruwa, launin saiwa, bayan ganye. Wadda ba ta gane ba ta zo ta tambaya, matambayi ba ya ɓata. Bayan an ci abinci, mun kawo ganye kala-kala a faranti a bakin ƙofa, kowa ta zo ta ɗauka ta faɗi abin da ke damunsa.

Allah Ya albarkaci ƙungiyarmu, Ya ba mu ciniki na halal, Ya ba mu damina mai albarka ba tare da ambaliya ba, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.